Ba a Kyautar Wuƙa

A tudun Aubrac, inda sanyi kan yi wata bakwai bai gaji ba,
mahaifina Firmin yakan manta hula,
yakan manta ƙwayar hawan jini,
amma ko coci za shi
wuƙarsa na aljihun dama, ƙarƙashin hankici.

Ƙotarta ƙahon saniya. Tafin hannu ya lashe ta
har ta yi sulɓi kamar sabulun da ya kusa ƙarewa.
Ruwanta ya rame don yawan washi.
A gadon bayanta akwai 'yar basilla a kwance.

Da ita yake yanka burodi, ya rungume shi a ƙirji,
kaifin na tahowa wajen zuciya, mu yara mu runtse ido.
Da ita yake fere tuffa,
ɓawon ya sauko zare guda, bai tsinke ba.
Ta cire min ƙaya a diddige.
Tsininta ya ɗaure tabarau ɗin Inna.
Wankinta kuwa: cinyar wando, gaba, baya, shi ke nan.

In an ƙare cin abinci ba ya cewa a tashi.
Ƙas! kawai za ka ji, ya naɗe ta,
'yan ƙodago su ajiye cokali
ko da sauran romo a kwano.

Wata asuba jar saniyarmu ta ci ɗanyar ciyawa mai raɓa,
ciki ya kumbura kamar ganga, ido ya firfito.
Likitan dabbobi na bayan tsauni biyu.
Baba ya auna da yatsa huɗu daga ƙugu,
ya buɗe basilla, ya soka.
Iska ta fito da fito, wari ya cika garke,
saniya ta yi ajiyar zuciya irin ta mutane.
Da hantsi da wuƙar nan ya yanka mana cuku.
Ban ci ba.

Ran da zan tafi Clermont koyon aikin lantarki
ya tsaya a tasha, bai iya sallama ba.
Ya zaro ta, ya miƙo,
na kai hannu, ya janye.
"Odile, ba a kyautar wuƙa, zumunci take yankewa.
Biya."
Na lalubo ƙwandala ɗaya, canjin tikiti,
ya karɓa, ya juya ta, kai ka ce ciniki ya faɗa,
ya juya baya tun mota ba ta tashi ba.

Shekara ashirin da shida ke nan tana aljihuna.
Ba saniya a birni.
Fatar waya take feɗewa, ta farke kwali,
ta fiƙe fensir, ta kankare fenti a kan noti.
Gaëtan, abokin aikina, ya taɓa yi min dariya:
"Wannan tsohuwar fa, ga akwatin kayan aiki?"
Kafin a tashi aiki sau biyu ya are ta.
Raina kama.

Sau ɗaya ta cije ni, a babban yatsa.
Laifina ne, na yi mata gaggawa.

Bara da kaka Baba ya kwanta, bai tashi ba.
Ni na kwashe tufafinsa.
Wandon ranar Lahadi, aljihun dama, ƙarƙashin hankici:
ƙwandala.
An daina karɓar irinta a kasuwa tuntuni.
Hoton jikinta ya shafe,
ta yi sulɓi, irin sulɓin ƙahon nan.
Ashe hannu in ya saba da hanya
ba ya fasa zuwa, ko mai gidan ya ƙaura.

Yanzu a teburina nakan naɗe ta, ƙas!
'Ya'yana ba su san ma'anar ba,
sai su ci gaba da ci, suna gardamar ƙwallo.
Ba na gaya musu.
Ƙaramar dai, Noélie, na ga tana satar kallon aljihuna,
kuma jiya ta tambaye ni ko ina da canji.